Ƙasar da Inna ta aika teku

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Kwatano, idan aka tambayi mahaifiyata abin da ƴarta take koyo a jami'a, sai ta ce, "Laka." Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Dangi su yi ta dariya, ni kuma in yi ta gyara zancen da manyan kalmomin Faransanci, har na gaji na bari. Ai gaskiyarta ce. Laka nake karantawa.

Sai dai ba irin ta bakin rijiya ba ce. Akwai jiragen masu bincike da ke zuwa tsakiyar teku, su zura dogon bututu har ya taɓa ƙasa, can inda hasken rana bai taɓa sauka ba, su caka shi su zaro. Abin da ya cika bututun shi ake kawo mana. A ɗakin gwajinmu a tsaga shi a tsaye kamar rake, sai ga laka kwance hawa-hawa, ta ƙasa ta girmi ta sama. Ni aikina a kan ta saman ne, sabuwar da ba ta gama kwanciya ba, mai taushi kamar gasarar koko. In ɗebi kaɗan in wanke a rariya, in sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, in wuni ina kallon ɓawon wasu halittu da ido ba ya gani, kowace da irin ginin ɗakinta. Malamarmu takan ce a wasu wuraren, kaurin yatsa ɗaya na wannan laka ya girmi kakar kakarmu. Ni da ko ganye ya faɗo sai na tsaya yi masa tunani, sai in saki aiki in zauna ina ƙiyasta irin shirun da ke can. Sau da yawa sai ta ƙwanƙwasa tebur kafin in dawo duniya.

A wannan lokacin ne yayana ya tafi Gabon.

Mu biyu Allah ya bar wa mahaifiyarmu, shi ɗan fari, ni auta. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarama. Yayana yana haya da babur a Banikanni, nan Parakou, har bayansa ya fara ciwo kuma aljihu bai nuna ba. Wani abokinsa ya ce masa a can ana samu. Ba su da halin jirgin sama, sai suka bi hanyar da marasa hali ke bi: mota zuwa gaɓar Najeriya, daga nan jirgin katako. Kafin su tashi ya kira ni a waya yana tsokanata kamar kullum.

"Ke mai laka, idan na leƙa na hango ƙasan tekun nan, in ɗebo miki?"

Na yi dariya na ce ya ɗebo min turare dai. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Abokin ne ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa a tsakar gidanmu ya kasa ɗaga kai. Ya ce an cika jirgin fiye da kima, ruwa ya tashi, suka kife nesa da gaɓa. Masunta suka tsamo masu sauran kwana. Ya ce ya riƙe rigar yayana har hannunsa ya mutu, bai san lokacin da ya saki ba. Ba a ga gawa ba.

Na taho daga Kwatano na tarar gida cike. Limamin unguwa ya yi addu'a, ya ce wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Mata suka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Amma mahaifiyata ba ta zauna ba. Tana murhu, tana miƙa ruwa, tana share inda ba datti. Ko ɗigon hawaye babu. Kun san iyayenmu da ɗan fari: tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "yaron nan", ko "wancan". Don haka kowa ya ɗauka kunya ce. Tsofaffi suna ta yaba mata.

"Kin ga mace mai kara," in ji wata. "Irin na da ke nan. Ƴan yanzu da sun tara mana jama'a da kururuwa."

Ni ma haka na ɗauka. Abu guda ne kawai ya tsaya min a rai. Duk wadda ta ce mata "Allah ya jiƙansa", sai ta sunkuyar da kai kamar mai amsawa, amma leɓenta ba ya motsi. Na kalli bakinta har aka tashi daga zaman makoki, ban ga ta ce amin ba.

Na koma karatu. Da hutun damina ya zo na dawo, na ga matar da ban sani ba. Wuyanta ya fito, zane yana zagaye ta har ya yi saura, ga wani busasshen tari da ba ya barin ta ta kai ƙarshen magana. An kai ta likita, an ba ta magani, tana sha, ba ya yin komai. Sai da na kwana biyu a ɗakinta na gane dalili. Kowace asuba idan na farka, zan gan ta a ƙudundune a kan tabarma, babu ko mayafi a jikinta, ga sanyin damina yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Bargonta yana ninke a kan akwati. In na lulluɓa mata, sai ta yaye a hankali ta mayar da shi inda yake. In na yi magana ta ce zafi take ji, alhali hannunta kamar randa.

Wata safiya famfo ya ɗauke, muka ja ruwa a rijiyar maƙwabta. An kwana ana ruwan sama, rijiyar ta gurɓace, sai muka zuba a babban baho muka bar shi ya kwanta. Muna zaune muna jira, tana kallon ruwan, sai ta yi magana kamar ba da ni take ba.

"Ranar da aka kai babanku, ban yarda ba sai da maza suka dawo. Na ga kawunki ya shigo da jar ƙasa a hannun rigarsa, har cikin farcensa. Na ce to, an rufe shi. A nan na zauna." Ta yi tari. "Shi kuwa wancan, duk wanda ya shigo min gaisuwa hannunsa tsaf. Babu wanda ya zuba masa ko tafi ɗaya. Yana can a buɗe, auta. Ta yaya zan ja bargo?"

Na sunkuyar da kai. Idona ya faɗa cikin bahon. Saman ruwan ya fara yin garau, ƙasansa kuwa wata siririyar laka ta shimfiɗu lif.

"Inna," na ce, "sa yatsa ki taɓa ƙasan bahon nan."

Ta taɓa. Ta ɗago yatsa da laka.

"Haka ƙasan teku yake. Wannan ce lakar da nake karantawa."

Ta juyo ta dube ni sosai. Tunda na fara karatun nan, ranar ce ta fara yi min tambaya a kansa.

"Har can ƙasa akwai ƙasa?"

"Akwai. Kuma kullum ƙaruwa take. Daga sama take sauka, kamar yayyafi, ba dare ba rana. Duk abin da ya kwanta a can, tana sauka a kansa."

"To ya rufu ke nan?"

Na so in ce e. Amma mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da goro, daga ganin fuskar mai ciniki take sanin abin da ke aljihunsa.

"Ba da sauri ba, Inna. A hankali take yi, a hankali ƙwarai. Sai dai ba ta taɓa tsayawa ba."

Akwai sauran abubuwan da na sani game da can ƙasa waɗanda ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta yi ta murza lakar tsakanin yatsunta.

"Daga ina take zuwa?"

Na ce wata ɓawon ƙananan halittun ruwa ce idan sun mutu, wata kuwa ƙasar tudu ce da koguna suke kwasowa. Na ce ko kogin da muke hayewa a Bétérou idan za mu Djougou, garin iyayenta, daga wajen garin nasu yake tasowa, ya gangara kudu har ya zube a teku kusa da Kwatano. Jan da yake yi da damina, ƙasarmu ce yake ɗauke da ita.

"Ƙasar Zugu?" Haka tsofaffinmu suke kiran Djougou.

"Har da ita."

Ta wanke yatsanta, ta miƙe, ta ce in nemo mana mota ta gobe.

A Djougou aka haifi yayana. Haihuwar fari ce, don haka gidan mahaifinta, wanda liman ne, ta koma ta haihu, kuma a bayan ɗakin kakata aka binne mabiyyarsa. Yanzu gidan yana hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata, mahauci a kasuwar garin, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. Mun tarar ya dawo daga kasuwa yana wanke wuƙaƙensa. Da ya ga yadda mahaifiyata ta koma, sai da ya ajiye wuƙar. Amma da ya ji abin da ya kawo mu, fuskarsa ta canza.

"Yaya, ki ɗebi ƙasa a gidan nan ki je ki zuba a kogi? A garin nan, da masallatai a kowace kusurwa? Gobe in shiga kasuwa a ce ƴar gidan liman ta fara yi wa ruwa hidima. Mun sha ganin masu kai wa kogi kaza da farin ƙyalle, kin san sunan da muke kiransu."

"Ba roƙonsa zan yi ba," ta ce. "Aike zan ba shi. In ka ba direba saƙo zuwa Parakou, bauta masa ka yi?"

Kawu ya juyo kaina. "Ke ce ko, ƴar lakwal, ƴar boko? An kai ki karatu ki zama likita ko lauya, kin tsaya wasan laka kamar mai ginin tukunya, yanzu kuma kin zo kin juya wa uwarki kai."

"Tambayata ta yi, Kawu, na faɗa mata abin da na sani."

"Allah ya san inda yaron nan yake. Teku ma ƙasar Allah ce. Ba ya bukatar tafin hannun kowa."

"Na sani," in ji mahaifiyata. "Shi ba ya bukata. Ni ce nake bukata."

Kawu ya ɗauki wuƙar ya sake wanke ta, alhali ya riga ya wanke. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, wurin da take nema yanzu turken awaki ne, sai dai ta yi haƙuri da abin da za ta tarar.

Ba ta yi laluben wurin ba. Ɗakin kakata ya daɗe da rushewa, an yi wani da bulo, amma ta tafi kai tsaye ta tsaya a gefen katanga, ta kore akuya, ta durƙusa. Na kawo fartanya ta ce a'a. Da hannu ta share saman, ta tona har ta kai ga ja mai danshi, ta ɗebi abin da zai cika ƙaramar ƙwarya, ta ƙulle a tsohon ɗankwali. A ɗakin matar kawu muka kwana, ƙullin yana gefen kanta.

Da safe muna shirin fita sai ga kawu da babbar riga da hula.

"Ba don na yarda ba ne," ya ce. "Don kada a ce mata biyu sun tafi bakin kogi babu namiji. Naman yau kuma ya tafi a banza, ku sani."

Motar haya ta sauke mu a bakin gadar Bétérou, direban yana ta mamakin masu biyan kuɗin Parakou su sauka a rabin hanya. Kogin ya cika ya yi jajir, yana tafe da rassan itace, ba ya yin ƙara mai yawa. Muka gangara ta wata ƴar hanya da masu wanki suke bi. Suna nan kuwa, mata uku ko huɗu, suka dakata da bugun kaya suna kallonmu. Kawu ya tsaya a sama, ya juya mana baya, yana nazarin motocin da ke wucewa kamar an ba shi aikin ƙirga su.

Mahaifiyata ta tuɓe takalmi ta shiga har ruwa ya rufe idon sawunta. Ta kwance ƙullin. Sai ta tsaya.

"Auta, yaushe za ta isa?"

Wannan ce tambayar da nake tsoro tun daga Parakou. Na dubi wuyanta da ya fito. Kalma ɗaya mai daɗi za ta iya sa ta ja bargo a daren nan. Amma na san idan na yi mata ƙarya ta gane, ba ni kaɗai za ta daina yarda da ni ba, har da lakar bahon da duk abin da na faɗa mata.

"Inna, mafi yawanta a hanya za ta kwanta. Wata a gindin gadar nan, wata a tafkin da ke bayan Kwatano. Mai laushin ce kawai za ta fita teku. Ruwan gaɓarmu gabas yake yi, wajen da suka bi, wannan gaskiya ne. Amma da nisa. Ba na jin za ta isa a zamaninmu. Wataƙila ma ba a kansa za ta sauka ba."

Ta daɗe tana kallon ƙasar da ke cikin ɗankwalin. Na ce a raina shi ke nan, na rushe abin da na gina, gara ma ban fara ba.

"Su nawa ne a jirgin?" ta ce.

"Da yawa, Inna."

"Kafin nasu ma wasu sun kife?"

"Sun kife."

Ta gyaɗa kai. "To wanda ta samu, shi ma ɗan wata ne. Ƙila ita ba ta da ƴar da ta karanta laka. Nawa kuma, kogin wani gari zai kai masa."

Ta cika tafinta ta zuba. Ƙasar ta yi ɗan duhu a kan ruwa, ta baje, ta bi sauran jan. Ta sake cika tafi ta zuba. Tana shirin na uku sai muka ji tsakuwa tana gangarowa a bayanmu. Kawu ne, ya tattare babbar rigarsa, yana saukowa da ƙyar.

"Ba haka ake yi ba," ya ce, muryarsa a dushe. "Ku mata ba ku taɓa zuwa maƙabarta ba, ina za ku sani. Akwai abin da ake karantawa."

Ya tsaya kusa da ita, ruwa yana jiƙa masa wando. Ya ɗebi ƙasar da hannu biyu, ya karanta abin da maza suke karantawa a bakin kabari, ya zuba sau uku. Ya sa ta maimaita a bayansa ta cika nata. Ni ma aka ba ni ragowar. Masu wankin nan ba su san mu ba, ba na jin ma addininmu ɗaya da dukansu, amma babu wadda ta sake buga kaya sai da muka hau sama.

Na miƙa mata ruwa a gora ta wanke hannu, ta girgiza kai. Kawu ya tare mana mota, shi ya tsallaka titi ya jira mai komawa Djougou. Har muka tashi yana tsaye yana kallon hannayensa.

Da la'asar muka sauka a Banikanni. A bakin ƙofa muka haɗu da maƙwabciyarmu, wadda muke jan ruwa a rijiyarsu. Ta ga zanen mahaifiyata a jiƙe, ta ga jar ƙasa ta bushe mata har wuyan hannu.

"Lafiya, maman auta? Daga ina haka?"

"Daga jana'iza," in ji mahaifiyata. "Ta yaron nan."

Matar ta dube ni, ta dube ta. Ba ta tambayi komai ba, Allah ya saka mata. Ta rage tsawo ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin," in ji mahaifiyata.

Ta shiga ta jawo tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zauna ta miƙe ƙafa. Sannan kukan ya zo. Kafin magariba mata sun sake cika gidan, babu wanda ya aika a kira su.

Tarin bai tafi nan da nan ba, sai da damina ta wuce. Amma ya tafi. Tana nan da ranta, ta koma kan farantin goronta, har faɗa take yi da masu neman ragi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mun zauna da ita wata da watanni muna yaba mata kara, ita kuwa tana daskarewa a gabanmu, don mun riga mun ba shirunta suna tun kafin mu saurare shi. Yanzu idan na je gaisuwa na ga wadda ake cewa ta yi dauriya, nakan matsa kusa da ita in ɗan daɗe.

Ban san inda yayana yake kwance ba, kuma karatuna bai kai ya nuna min ba. Abin da ya nuna min shi ne, a daidai lokacin da nake rubuta wannan, da lokacin da kuke karantawa, wani abu mai laushi yana sauka a can cikin duhu, a kansa da kan waɗanda suke tare da shi, ba a tambayar kowa garinsu. Idan kun kai nan, ku sa su a addu'a gaba ɗaya. Da yawansu iyayensu har yau ba su ga ƙasa a hannun kowa ba.